Sikelin Malam Isiyaku

Ran nan ina zaune a rumfata wasu samari biyu suka kawo sikelin batir, irin wanda ake auna kaji da kifi, wai lambarsa tana rawa. Na ɗauko dutsen kilo ɗaya na ɗora a tsakiya, na sauke, na mayar wannan kusurwa, na kai waccan. Sai ɗayan ya ce wa ɗan'uwansa, a gabana kuwa, "Au, ashe aikin ke nan? Ɗora ƙarfe ka sauke? Ai ni ma gobe sai in buɗe shago." Na ce Allah ya ba da sa'a, ga fili nan kusa da ni ba kowa, har benci zan ara masa. Sai dai kafin ya buɗe, ya faɗa mini wanda ya gaya masa ƙarfen nan kilo ɗaya ne. Ya ce ai ga shi a rubuce a jiki. Na ce to, ni ma in na rubuta Alhaji a goshina, shi ke nan na sauke farali?

Sunana Habu, amma daga Bacirawa har ƙauyukan bayan Minjibir, in ba ka ce Habu Sikeli ba, ba wanda zai nuna maka ni. Aikina saita ma'auni. Ba ƙerawa nake ba, ba kuma sayarwa ba. Ina gwada sikeli ne da nauyin da na tabbatar, in ya kauce in dawo da shi hanya. Duwatsun da nake yawo da su na baƙin ƙarfe ne, su nake ɗorawa a sikelin mutane. Su kuma ina gwada su da wasu na tagulla da ke cikin akwati a ɗakina. Na tagullar nan lokaci-lokaci nakan kai su ofishin gwamnati mai kula da awo, a gwada su da nasu a buga hatimi. Nasu ma an ce akwai inda ake kai su, wurin da ban taɓa zuwa ba. Kamar karatu ne, kowa akwai wanda ya biya masa. Ranar da silsilar nan ta yanke, abin da ke hannunka ƙarfe ne kawai, sai dai ka danne tabarma da shi.

Aikin farko da na gani a hannun maigidana, Baba Modu, sikelin wani mai sayar da ƙusa ne, mai faranti biyu. Baba Modu Babarbare ne, iyayensa sun daɗe da zama a Kano, a nan aka haife shi, kuma bai cika magana ba. Mai ƙusa ya ce sikelinsa ya haukace, kullum yana rinjaya hagu. Baba Modu bai ko taɓa shi ba. Ya tsuguna ya dubi teburin, ya girgiza shi, ya ce in nemo masa ɓallin katako. Ya cusa a ƙarƙashin ƙafar tebur ɗaya, sai ga harshen sikeli ya tsaya cak a tsakiya. Mai ƙusa har ya ji haushi, wai ya taso da mu daga nesa ba a kwance ko noti ɗaya ba. A hanyar komawa Baba Modu ya ce da ni, kafin in tuhumi sikeli in fara tuhumar ƙasan da yake zaune da iskar da ke bi ta kansa. Iyakar bayanin da na samu ranar ke nan.

Na daɗe ba a bar ni na buɗe akwatin tagulla ba. Aikina dako. Dutsen kilo ashirin a dama, wani a hagu, daga tasha zuwa cikin kasuwa, in an gama kuma a dawo da su. Wannan kafaɗar tawa da kuke gani ta karkace, ba haka aka haife ni ba. Da lokaci ya yi ya buɗe mini akwatin, abin da ya fara koya mini shi ne abin da ba a yi. Ba a ɗaukar dutsen tagulla da hannu tsirara, saboda gumi da maiƙo suna cin sa. Da ƙyalle ake ɗauka, ƙananan kuma da hantsaki. Ba a kuma goge shi don ya yi ƙyalli. Wannan ne ya fi wa mutanenmu wuya, domin ba ma iya ganin tagulla ta yi duhu mu ƙyale ta, sai an nemo toka da lemon tsami. Duk dirzar da aka yi, wani abu ya tafi daga jikin dutsen, kuma ba ya dawowa. Na taɓa ganin duwatsun wata mai sayar da gishiri, suna walƙiya abin sha'awa, amma ba ko ɗaya da ya cika.

Sauran kayan aiki ba su da yawa, jaka ɗaya ce. Magagari, filaya, sifana, ƙaramar guduma, buroshi, kananzir, 'yar kwalbar ruwa mai kumfa ta duba daidaiton ƙasa, sai guntun darma. Tsohon sikeli duk rayuwarsa tana kan wasu ƙarafa masu kaifi da hannunsa ke lilo a kansu, muna ce musu wuƙaƙe. In suka dakushe, sikeli sai ya yi nauyin jiki, ka ƙara kaya bai motsa ba, ka rage bai motsa ba. Abin da ke kashe su kuwa yawanci tausayi ne. Mai sikeli ya ji yana ƙara, sai ya tsiyaya masa man gyaɗa ko baƙin mai. Mai ya kama ƙasa, ƙasa ta ci wuƙa. Rabin aikina a ƙauye wanke man da aka zuba da kyakkyawar niyya ne.

Akwai wani mahauci a hanyar Rijiyar Zaki da ya kira ni kan sikelinsa na ratayawa. Sifirin ɗinsa ya gaji, ya miƙe, yana nuna kilo tun nama bai kai ba. Na canja sifirin, na gwada, ya yi daidai. Sai ya ja ni gefe ya ce, "Malam Habu, yanzu ka ɗan sa masa hankali mana." Kun ji kalmar da suke amfani da ita, sa hankali, wato a karkatar da shi ya riƙa tauye mai saye. Baba Modu in an faɗa masa haka, shiru yake yi ya tattara kayansa ya tafi. Ni ban gaji wannan haƙurin ba. Na ce masa, da ƙarfi yadda maƙwabtansa za su ji, ni saiti na koya, ban koyi rakiya wuta ba. Bai ƙara kirana ba, amma mahautan da ke kusa da shi duk sun zama mutanena.

Ba na gaba da sikelin batir, kada ku ce tsoho na kishi. Yana da sauri, kuma mai kyau daga cikinsu ba ya ƙarya in an kula da shi. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda kuke danna maɓalli ya nuna sifili ku ce kun saita. Sifili ai cewa kawai yake ba komai a kansa, wannan ko ni da idona na gani. Batir ya yi sanyi, ya kauce. An bar shi a rana, ya kauce. An jefa masa buhu daga kafaɗa, ƙarfen cikinsa ya lanƙwashe. Kyankyasai ma suna son ɗumin cikinsa. Tambayar ita ce me zai nuna in an ɗora masa kilo hamsin na gaskiya, kuma wannan sai da dutse.

Shekarar da ta fi ba ni wuya ita ce wadda ruwa ya ɗauke tun gyaɗa ba ta ƙosa ba. In ba amfanin gona, ba abin aunawa, in ba abin aunawa, wa zai tuna da mai saiti? Na yi ta zaga kasuwannin ƙauye a kan keke ina dawowa jakar ba a buɗe ta ba. Har facin taya na koma yi a bakin titi. Amma ba don kaina na kawo zancen shekarar nan ba. Don Malam Isiyaku ne, domin a ita abin da ya same shi ya samo asali.

Malam Isiyaku yana wani ƙauye ne bayan Minjibir, inda gona ke manne da gona, ba ka iya gane iyakar wani sai ta layin zogale. Da safe yana koyar da yara karatu a zaurensa, in liman ba ya nan shi ke ba da salla, kuma manomi ne babba na gyaɗa da riɗi. Yana da sikelin buhu na ƙarfe, mai dandamali da dogon hannu, wanda ya gada daga mahaifinsa tun zamanin cinikin gyaɗa. Shekara da shekaru da shi yake auna amfaninsa yana sayar wa 'yan kasuwa da mata masu matsar mai. Na san shi sosai, don duk lokacin da aiki ya kai ni garin, a zaurensa nake cin abinci. Sau da yawa nakan ce ya bari in duba sikelin, sai ya yi dariya ya ce lafiyarsa ƙalau, in ci tuwona kawai.

A shekarar farin nan ne maƙwabta suka fara roƙonsa ya riƙa sayen ɗan abin da suka samu, don kuɗin mota zuwa babbar kasuwa ma ya gagare su. Ba ya so, amma ya ga halin da ake ciki ya yarda. Daga nan abin ya ɗore, ya zama shi ne mai saye a garin. Duk kaka ƙofar zaurensa cike take da buhuna, ba kuma wanda ke leƙa hannun sikeli, don in Malam ya faɗi lamba magana ta ƙare.

Ana haka sai Nura ya dawo daga karatu a birni. Ɗa ne ga wata tsohuwa da mijinta ya rasu, Inna Dije. Ya samu wakilcin wasu masu sayen riɗi, suka ba shi sikelin batir babba, ya kafa a gindin wata tsamiya. Wata rana, don gwaji kawai, ya auna buhun gyaɗar mahaifiyarsa kafin a kai wa Malam. A wurin Malam sai buhun ya ragu da kilo biyu. Ya sake gwadawa da buhun wani, haka. Kafin mako ya zagayo magana ta cika gari. Wasu iyaye suka janye 'ya'yansu daga zaure. Ranar da liman ya yi tafiya Malam ya shiga gaba, mutane da dama suka saɓa takalmansu suka fice. Mutumin da ya tsufa yana karanta wa mutane gargaɗi kan masu tauye mudu, ga shi yau ana nuna shi da baki. Dagaci ya ga abin zai raba gari, ya aiko a kira ni, ɓangarorin biyu kuma suka yarda da duk abin da dutse ya nuna.

Da hantsi na isa, da duwatsu biyar na kilo ashirin-ashirin a bayan a-kori-kura, da ƙaramin sikelina mai faranti biyu, da akwatin tagulla a cinyata. An fito da sikelan biyu ƙofar gidan dagaci. Maza sun cika wurin, mata suna tsaye daga bakin danga. Malam Isiyaku yana zaune a buzunsa da carbi, hankalinsa kwance, har ya tambaye ni iyali. Na fara da na Nura, kuma ba zan ɓoye muku ba, fatana shi ne a samu laifin a can. Na duba ƙasa, na duba batir, na ɗora ashirin, na ƙara har ɗari, na sauke ɗaya bayan ɗaya. Ko'ina ya nuna daidai. Na ce sikelin Nura ba shi da laifi, ba don na so faɗar haka ba.

Na koma kan na Malam. Irin wannan sikelin, ƙananan kaya da wani ƙarfe mai zamewa a kan hannu ake auna su. In buhu cikakke ne kuwa, sai a rataya wani dutse mai faɗi a ƙarshen hannun, wanda aka rubuta wa ɗari. Na gwada shi ba kaya, hannu ya tsaya a tsakiya. Na ɗora ashirin, daidai. Arba'in, daidai. Na fara jin sanyi a raina. Sai na jera duka biyar, na rataya dutsen ɗari. Hannu ya kwanta ƙasa ya ƙi tashi. Na ƙara kilo ɗaya a dandamali, yana kwance. Sai da na ƙara na biyu da 'yan kai sannan ya ɗago. Ma'ana, sai buhu ya wuce ɗari da biyu kafin sikelin nan ya ce ɗari.

Na kwanta na leƙa wuƙaƙe, lafiyarsu lau, ko tsatsa babu. To saura dutsen ratayawa. Abin da yawancin mutane ba su sani ba shi ne, dutsen nan da aka rubuta wa ɗari, nauyinsa na gaskiya kilo ɗaya ne tak. Tsawon hannu da ƙarafan ƙarƙashi su ke ninka shi sau ɗari. Na ɗora shi a ƙaramin sikelina, na sa kilon tagulla a ɗaya farantin, sai nasa ya rinjaya. Na kifa shi. A ƙasansa akwai wani lotso inda maƙera ke zuba darma don daidaitawa, an shafe shi da danƙo wanda ya tsufa ya yi baƙi har ya saje da ƙarfen. Na sa bakin wuƙa na ɓamɓare. Sai ga tsofaffin kobo masu huji guda uku sun faɗo a tabarmar dagaci.

Aka ɗauki salati. Wani daga baya ya ce, "To, ga shi nan ai!" Ni kuwa na kasa ɗaga kai.

Malam Isiyaku ya miƙa hannu ya ɗauki kobo ɗaya yana dubawa, ba alamar tsoro a fuskarsa. Ya ce, "Ni na sa su. Da hannuna."

Dagaci ya ce, "Malam, ka san abin da kake faɗa kuwa?"

Ya ce, "Ranka ya daɗe, gyara ce. Da mahaifina ya rasu na fara awo da kaina, sai na ga in da tiya ne, kana gamawa ka ɗebo da hannu ka ƙara wa mutum. Shi kuwa buhu a ɗinke yake zuwa, ta ina za ka ƙara? Na ji tsoron in tashi gaban Allah da hakkin wani ko na ƙwaya ɗaya. Shi ne na sa masa gyararsa a ciki, yadda ko na manta, ko wani ne ya auna ba ni ba, ba za a tauye kowa ba. Nauyin kobo uku, me zai rage ni da shi?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, a wurin nan da ka sa su, ba nauyin kobo uku ba ne. Duk abin da aka rataya nan sau ɗari yake zama. Kusan tiya guda ke nan a kowane buhu."

Ya ce, "To ai alhamdu lillahi, in ma ta fi haka. Mutane suka ci."

A nan na gane bai ga ramin ba har yanzu. A tunaninsa sikeli mai gyara sikeli ne mai kyauta, duk wanda ya tsaya gabansa zai amfana. Na rasa yadda zan faɗa masa, sai na ce a kawo buhu. Na ɗora, na ce, "Malam, wannan naka ne, ni na zo saye. Ɗari da biyu ne, sikeli ya ce ɗari. Wa ya ƙaru?"

Ya ce, "Kai."

Na ce, "To mu juya. Buhun nawa ne, na kawo maka ka saya. Ɗari da biyu ne, sikeli ya ce ɗari. Wa ya ƙaru?"

Sai a nan ya gane cewa shi ne ya ƙaru. Carbin ya zame daga hannunsa ya faɗi kan buzu. Na ga tsofaffi da yawa a cikin tashin hankali, amma ban taɓa ganin fuska ta zube a gabana irin ta ranar ba, kuma na yi baƙin cikin cewa ta bakina abin ya fito. Can ya ce, da wata murya ƙasa-ƙasa, "Tun shekarar farin nan ke nan?"

Na ce, "Tun ranar da ka fara saye."

Dagaci ya nemi ra'ayina, na faɗi abin da na sani. Danƙon nan ya girmi Nura. Kobon nan an daina kashe su tun ina saurayi. Wanda ya yi niyyar cuta ba zai yi shekara talatin yana cutar kansa ba don ya jira ranar da zai fara saye. Wata mai matsar mai ta ɗaga murya daga bakin danga ta ce ita shaida ce, buhun Malam kullum ya fi na kowa auki, har takan ce albarkar karatu ce. Nura ma, in ba shi hakkinsa, ya matso ya tsuguna ya ce shi bai taɓa kiran Malam ɓarawo ba, lamba ya gani ya faɗa. Dagaci ya yanke cewa kuskure ne ba ha'inci ba, kada ya ƙara jin wani ya zagi Malam.

Har an fara shafa fatiha sai Inna Dije ta yi magana. Ba ta ɗaga murya ba, amma kowa ya ji. Ta ce, "Malam, ni na yarda ba da gangan ka yi ba, Allah ya sani na yarda. Amma gyaɗar da na kawo maka a shekarar nan, irin shukata ce na fasa. Lokacin da ludayi nake auna wa yara kunu. Tiya guda a ranar, da ta kai mu wani wuri."

Malam ya naɗe buzunsa ya tashi ya nufi gida.

Washegari ya sa aka buɗe rumbunsa. An gaya mini kwana da kwanaki yana bin gida-gida da jaki, duk wanda ya taɓa kawo masa buhu sai Malam ya tsaya a ƙofarsa ya yi sallama, ya auna masa da tiya, ya nemi gafara. Wasu sun karɓa, wasu sun ce sun yafe, shi kuma ya ƙi tafiya sai sun karɓa. Yara suka fara komawa zaure. Da liman ya sake tafiya, aka bi shi salla, sahu ya cika.

Ni kuma na tafi da dutsen rumfata. Na kankare danƙon tas, na wanke da kananzir, na gwada da tagulla, ya ɗan gaza, na ɗiga masa darma har ya tsaya daidai, na kai aka buga masa hatimi. Ran kasuwar garin na mayar. Na wanke wuƙaƙe, na daidaita ƙasa, na jera duwatsu daga ashirin har ɗari a gaban duk wanda ke wurin, hannu yana tsayawa a tsakiya kamar an zana shi. Lokacin kaka ce, riɗi ya yi kyau. Malam ya sa aka share ƙofar zaure aka yayyafa ruwa, ya shimfiɗa buzunsa kusa da sikeli. Na ce bari in zauna in ga buhun farko, don in tabbatar da aikina a kan kaya na gaske.

Mutane suka yi ta wucewa, wasu da jakuna, wasu da kura, wasu buhu a bayan babur. Duk wanda ya zo daidai zauren sai ya rage tafiya ya ce, "Allah gafarta Malam, barka da hantsi." Malam ya amsa ya tambayi gida. Sannan mutum ya ja kayansa ya nufi gindin tsamiya wurin Nura. Ba wanda ya ɗaure fuska, ba wanda ya yi habaici. Sun yarda shi ba ɓarawo ba ne, amma buhun nasu ne, kuma sun riga sun saba ganin lamba da idonsu. Ban ga laifinsu ba, duk da haka na ji kamar in tashi in tare hanya.

Muka yi azahar muka dawo. Aka kawo fura muka sha. Inuwar zaure ta juya ta rufe dandamalin, ba abin da ya hau shi sai wata kaza. Iska tana ɗan kaɗa hannun sikelin, yana hawa yana sauka shi kaɗai. Da aka kira la'asar Malam ya naɗe buzunsa ya miƙe, ya tsaya yana kallonsa.

Ya ce, "Habu, yanzu dai daidai yake ko?"

Na ce, "Daidai yake, Malam. Ko a birni ba wanda ya fi shi."

Ya ce, "To alhamdu lillahi. Kulle masa hannun, kada iska ta riƙa wahalar da shi a banza."

Na ɗaga sakatar na kulle. Ya cire dutsen ɗari da kansa ya shiga da shi cikin gida.